Tuwo da miya a ƙasar waje: Abin da ke sa girki ya ƙi da yadda ake gyara shi

Da wuya a sami Bahaushen da ya zauna a ƙasar waje bai taɓa ɗora tukunyar tuwo ta ba shi kunya ba. Shinkafar da aka saya da tsada ta dahu luguf amma ta ƙi haɗuwa. Garin masara ya yi gudaji. Miyar kuɓewa ta tsinke tun ba a zuba ta a kwano ba. Daga nan sai a fara jingine tuwo sai ranar salla, yara kuma su tashi suna kallonsa kamar abincin baƙi.

Akasari laifin ba na hannun mai girki ba ne. A gida da ido ake koyon girki, a gefen murhu, da hatsin da aka sani da wutar da aka saba da ita. Uwa ba ta faɗin kofi nawa, sai dai ta ce a zuba har ya yi. Ranar da hatsi ya sauya, murhu ya sauya, wannan awo na ido sai ya daina aiki.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da suka ci gaba da tafiya gabas sun zauna a garin Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu a Sudan, a ƙasar da ake tuƙa asida da garin dawa, ana kaɗa miya da busasshiyar kuɓewa. A Ghana kuwa abincin zango ne ya shiga gari, har sunayen tuo zaafi da waakye suka samo asali daga tuwon zafi da wake. Waɗannan wurare suna da hatsi irin namu. Wanda yake Landan ko New York ko Jidda shi ne ya fi buƙatar sanin dalilin kowane mataki, domin wanda ya san dalili zai iya musanya kayan girki ba tare da girkin ya lalace ba.

Awon da aka yi amfani da shi

Mudu da tiya da gwangwani sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka a nan an yi amfani da kofi mai cin mililita 250. Babban cokali mililita 15 ne, ƙarami kuma mililita 5. Idan babu kofin awo, kowane kofin shayi zai yi, muddin da shi za a auna gari kuma da shi za a auna ruwa. Duk awon da ke ƙasa na mutum huɗu ne. Mafari ne kawai, domin wani garin ya fi wani shan ruwa.

Me ya sa wata shinkafar ba ta tuwo?

Sitacin da ke cikin shinkafa iri biyu ne. Masana na kiran ɗaya amilos, ɗayan kuma amilofektin. Amilos shi ke sa ƙwayar shinkafa ta tsaya warwar bayan ta dahu. Amilofektin kuma shi ke kawo danƙo. Shinkafar da amilos ya yi mata yawa, kamar basmati ta Indiya da Pakistan, takan yi kyau a dafa-duka, amma ko an kwana ana tuƙa ta ba za ta yi tuwo mai danƙo ba.

Wadda ta fi ƙin tuwo ita ce shinkafar da aka guma, wato aka turara ta da ɓawonta kafin a cashe, irin wadda ake kira 'yar gwamnati a Najeriya. Turarawar ta riga ta dafa sitacin ya sandare a cikin ƙwayar. A Saudiyya irin wannan ce ake kira mazza, a shagunan 'yan Indiya kuma sella. Duk buhun da aka ga ƙwayarsa ta yi ruwan zuma, tana ɗaukar ido kamar gilashi, to ba ta tuwo ba ce.

Abin da za a nema shi ne farar ɗanyar shinkafa mai gajeriyar ƙwaya. A Saudiyya da Masar da Sudan shinkafar Masar tana yi sosai. A Birtaniya akwai wadda ake sayarwa domin yin fudin. A Amurka akwai Calrose ta jihar Kalifoniya da wadda ake yin sushi da ita. A Faransa da Beljiyam kuwa ana rubuta mata "riz rond". Shinkafar jasmin ta Thailand doguwa ce amma tana da laushi, musamman karyayyiyarta da ake samu a shagunan 'yan Senegal da na 'yan Asiya.

Tuwon shinkafa

A wanke shinkafa kofi 2 sau ɗaya ko biyu. Kada a yi ta wankewa har ruwan ya washe, domin farin ruwan nan sitaci ne, kuma shi ake buƙata. A jiƙa ta minti 30. A tafasa ruwa kofi 5, a zuba shinkafar, idan ta sake tafasa a rage wuta sosai a rufe.

Bayan kamar minti 30 a ɗauki ƙwaya a murza tsakanin yatsu. Idan akwai sauran tsakiya mai tauri, a ƙara ruwan zafi rabin kofi a sake rufewa. Ruwan sanyi yakan dakatar da dahuwa, ya bar tuwo da tsaki-tsaki. Sai ƙwayar ta narke ruwan kuma ya tsotse za a sa muciya, a riƙa danna shinkafar a jikin tukunya. A rufe ya turara minti 10, a sake tuƙawa, sannan a kwashe.

Wanda basmati kawai yake da ita yana da mafita biyu. Ko ya dafa ta da ruwa mai yawa har ta faffashe sannan ya ɗaure ta da garin shinkafa rabin kofi, ko kuma ya bar ƙwayar gaba ɗaya ya yi tuwon da garin shinkafa zalla, ta hanyar da ake yin tuwon masara.

Garin masara da tarkon suna

Nan ne baƙi da yawa ke yin asarar kuɗi. Abin da aka rubuta wa "cornflour" a Birtaniya ba garin masara ba ne, tsantsar sitaci ne da ake kaɗa miyar Turawa da shi. A Amurka kuwa kusan wannan sunan ne ake bai wa garin masara mai laushi, yayin da "cornmeal" yake da tsaki. Akwai kuma "masa harina" na mutanen Meziko, wanda sunansa kan ja hankalin Bahaushe. Ba shi da alaƙa da masar da muka sani. Masara ce da aka dafa da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, tuwonsa kuma yakan zo da wani ƙamshi na daban.

Mafi kusa da garinmu shi ne farin garin masarar da mutanen Kenya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu ke tuƙa ugali da sadza da pap da shi. Yakan fi namu tsaki kaɗan, saboda haka a tankaɗe shi da rariya mai laushi. Idan duk da haka tuwon yana farfashewa, a musanya kashi ɗaya cikin huɗu na garin da garin alabo. Haka ake yi wa tuo zaafi a Ghana, kuma shi ne sirrin laushinsa.

Dawa da gero kuwa a shagunan 'yan Indiya ake samunsu cikin sauƙi. Dawa ita ce jowar, gero shi ne bajra. A Sudan da ƙasashen Larabawa gero shi ne dukhun. A Kamaru idan aka ce kuskus, tuwo ake nufi, ba kuskus ɗin alkama na Maroko da Aljeriya ba.

Tuwon masara, dawa ko gero

Gari kofi 2 yana buƙatar ruwa kamar kofi 5. A ɗora kofi 4 ya tafasa. A dama rabin kofin gari a cikin ruwan sanyi kofi 1, a zuba a tafasasshen ruwan ana juyawa. Wannan shi ne talge, wasu kuma su ce ruɗe.

Talge ba al'ada ce kawai ba. Sitaci yakan fara kumbura ya kama jikinsa idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Selshiyas. Idan busasshen gari ya faɗa tafasasshen ruwa kai tsaye, bayansa ne zai dahu nan take ya rufe cikinsa, sai ya zama gudaji. Ruwan sanyi yana raba ƙwayoyin garin tun kafin zafi ya kama su.

A bar talgen ya dahu minti 10 zuwa 15. Kafin a fara tuƙi a ɗebi kamar ludayi biyu a ajiye gefe. Sai a rage wuta, a riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da ƙarfi. Idan tuwon ya yi tauri, da talgen da aka ajiye za a sassauta shi, ba da ruwa ba. A yayyafa ruwan zafi kaɗan a kai, a rufe ya sulala minti 10 zuwa 15, a sake tuƙawa.

Wannan sulalawa ta ƙarshe ita ce mutane suka fi tsallakewa idan suna sauri, kuma ita ce ke raba dafaffen tuwo da wanda ke warin ɗanyen gari. Alamar ya yi ita ce ya saki jikin tukunya ya yi sheƙi. Dawa da gero sun fi masara son lokaci. Tuwon semo, wanda garinsa na alkama ne, ya fi su saurin dahuwa, ya kuma fi su saurin yin gudaji idan an yi sakaci.

Murhu da tukunya

Wutar itace tana lasar tukunya ta kowane gefe, kuma da an janye itace zafi ya ragu. Murhun lantarki mai faranti ba haka yake ba. Ko an rage shi yakan ɗauki mintuna kafin ya huce, shi ya sa tuwo ke kamawa a gindi. Dabarar ita ce a rage shi tun kafin a fara zuba gari, ko a mayar da tukunyar kan wani farantin da aka kunna a ƙasa-ƙasa. Murhun gas da na maganaɗisu suna amsawa nan take, amma na maganaɗisu ba ya aiki da tukunyar dalma zalla irin wadda ake kawowa daga gida.

Tukunya mai kaurin gindi kuma mai mariƙi ta fi dacewa, domin a ƙasar waje tsaye ake tuƙi, ba a zaune an dafe tukunya da ƙafa ba. Muciya ta katako ce, kuma cokalin katako mai kauri zai iya maye gurbinta. Idan babu mara, ƙaramin kwano da aka tsoma a ruwa zai fitar da malmala. Mutane da yawa na naɗe tuwo mai zafi a leda, amma ba kowace leda aka yi domin abinci mai zafi ba. Ya fi aminci a jera malmalar a kula ko a kwano mai murfi.

Kayan miya da sunayensu a wasu kasuwanni

Yawancin abin da ake zaton babu shi a ƙasar waje yana nan, sunansa ne ya sauya. Daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa, ita ce iru a shagunan Yarabawa, sumbala wajen mutanen Mali da Burkina Faso, netetu wajen 'yan Senegal. Lalo shi ne ayoyo a Ghana, ewedu a ƙasar Yarabawa, mulukiyya a Masar, kuma ana samunsa yankakke a daskare a shagunan Larabawa. Sai dai a kula, idan ɗan Senegal ya ce lalo, garin kuka yake nufi.

Busasshiyar kuɓewa ita ce weka a Sudan. Yakuwa ita ce folere a Kamaru, gongura kuma a shagunan 'yan kudancin Indiya. Alayyafo shi ne kalalu na mutanen Jamaika. Attaruhu da barkonon habanero na Meziko 'yan gida ɗaya ne, ɗaya zai iya zama a madadin ɗaya. A unguwanni irin su Peckham a Landan, da Bronx da Harlem a New York, akan sami kusan duk waɗannan a titi guda.

Man shanu kuwa ana iya yinsa a gida. A narkar da bota marar gishiri giram 250 a wuta kaɗan, a yanka rabin albasa a ciki, a bar shi har kumfar ta kwanta albasar ta yi ja, sannan a tace. Samna ta Larabawa da gi na 'yan Indiya ma suna yi, idan aka ɗan soya su da albasa.

Miyar kuka

A dafa nama mai ƙashi rabin kilo da albasa 1, da jajjagen attaruhu 2, da dakakkiyar daddawa babban cokali 2, da citta da masoro kaɗan. Wanda yake so zai iya ƙara kifi banda, ko dakakken wake babban cokali 2 tun da farko domin ya dahu tare da naman. Idan nama ya yi laushi a tsame shi, a tabbatar romon da ya rage ya kai lita 1. A nan ne za a daidaita gishiri da mai, domin bayan an kaɗa kuka gyara yana da wuya.

A tankaɗe kuka babban cokali 4 zuwa 5. A rage wuta har tafasar ta kwanta, a riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗayan. Abin kaɗa ƙwai na ƙarfe yana aikin maburgi daidai. A dakata tun miyar tana da ɗan ruwa-ruwa, domin kuka takan ci gaba da kauri bayan an sauke. Minti 3 zuwa 5 sun isa, kuma ba a rufewa. A mayar da naman.

Kuka mai kyau koriya ce shar. Wadda ta koma ruwan ƙasa ta sha rana ko ta tsufa, kuma ita ce ke kawo ɗaci. A ajiye ta a kwalba mai murfi, nesa da haske da danshi.

Yauƙi, da batun kanwa

Yauƙin kuɓewa da lalo da karkashi wani sinadari ne mai dogayen zaruruwa da ke fita idan an yanka ko an goga ganyen ko 'ya'yan. Abubuwa biyu ne suka fi rage shi: tsami da doguwar dahuwa. Shi ya sa tumatir mai yawa ke kashe miyar kuɓewa, shi ya sa kuma ake zuba ta a ƙarshe, a bar tukunya a buɗe domin kada ta zarce dahuwa ko ta yi bori.

Ga kuɓewa ɗanya giram 400, romo kofi 3 ya isa. A goga rabi, a yanka rabi ƙanana, a zuba a romon da aka riga aka haɗa, a kaɗa, a ba ta minti 5 zuwa 7. Daskararriyar kuɓewa ta shago tana yi, kuma ta fi sauƙin gogawa tun ba ta saki ba.

Kanwa tana ƙara yauƙi, tana riƙe koren ganye, tana kuma sa wake saurin dahuwa. Duk da cewa akan rubuta mata "potash" a shaguna, mafi yawan abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne, irin wanda ke cikin gishiri. Saboda haka bekin soda zai iya maye gurbinta, kuma kwatan ƙaramin cokali ya wadatar da tukunya guda. Kada a haɗa shi da bakar hoda ta kek, wadda ke ɗauke da nata tsamin.

Amma kanwa tana da farashi. Tana lalata bitamin C da bitamin B1 na cikin abinci, tana kuma ƙara wa jiki sodiyam. Tun a shekarun 1970 likitocin da suka yi bincike a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya kamata ya yi hattara da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma kaso mai yawa na dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Miyar da ta sami daddawa da kifi banda da ƙashi ba ta buƙatar dunƙule da yawa.

Miyar taushe

Kabewa irin tamu ba ta cika samuwa a Turai da Amurka ba, amma doguwar nan mai siffar gora da ake kira "butternut" tana narkewa da kyau. A fere rabin kilo, a dafa tare da nama har ta yi laushi, a tsame a murƙushe. A soya markaɗen tattasai 2 da tumatir 3 da attaruhu da albasa, a juye a romon, a mayar da kabewar, a sa daddawa.

A dama niƙaƙƙiyar gyaɗa babban cokali 3 da romo kaɗan kafin a zuba. Gyaɗar kwalba ta shafa wa burodi tana yi, amma a karanta jikin kwalbar, domin da yawa akwai sukari a ciki. Bayan minti 10 a sa yakuwa, sannan alayyafo da ganyen albasa a ƙarshe. Alayyafon Turawa ya fi namu ruwa da saurin narkewa, don haka minti 2 ya ishe shi. Idan babu yakuwa, matsin rabin lemun tsami bayan an sauke zai kawo ɗan tsamin da ake nema.

Kayan miyan mako guda

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke dawowa da dare, abin da ke hana tuwo ba tuƙi ba ne, haɗa miya ne. Mafita ita ce a yi markaɗe mai yawa sau ɗaya: tattasai 6, albasa 3, attaruhu 4 da tumatirin gwangwani 2. A dafa shi a buɗe ba mai har ruwan ya ƙone, sannan a soya shi a mai har man ya taso sama. Tsamin tumatirin gwangwani da lokaci ake kashe shi, ba da kanwa ba.

Idan ya huce a rarraba a ƙananan robobi a sa a firiza. Haka za a yi wa romon nama. Da waɗannan biyun, jar miya ko taushe ko kuɓewa ba za ta wuce minti 20 ba. Kuka dai a kaɗa ta sabuwa, ita ce ta fi daɗi. Mai son soya manja har ya yi hayaƙi ya tuna cewa yawancin gidajen Turai da Amurka na da na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Manja narkewa kawai yake buƙata.

Ɗumame da lafiyar ciki

Tuwo yakan yi tauri idan ya kwana saboda sitacin da ya kumbura yana sake ɗaurewa yayin da yake hucewa. Zafi da danshi ne ke warware shi. A yanka tuwon, a yayyafa ruwa, a turara shi ko a sa a na'urar ɗumama abinci a rufe, ko kuma a ɗumama shi cikin miya kamar yadda aka saba.

Abin kula shi ne inda tuwon ya kwana. Shinkafa da sauran hatsi na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. Idan dafaffen abinci ya daɗe da ɗumi, ƙwayar takan yaɗu ta saki dafi mai sa amai, kuma ɗumamawa ba ta karya wannan dafi. Kular da ke riƙe ɗumi har safiya da ɗakin da aka kunna wa na'urar ɗumama gida duk suna taimaka mata. Hukumomin lafiya na Birtaniya na ba da shawarar a sanyaya shinkafa cikin awa 1, a sa a firji, a cinye cikin kwana 1, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. A Amurka ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, kuma ɗumame ya kai digiri 74 har tsakiyarsa.

Tsarabar gida

Kafin a cika jaka da kayan miya, yana da kyau a san dokar ƙasar da za a shiga. Birtaniya da Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen Afirka, wanda hakan ya haɗa da kilishi da dambun nama da man shanu. Amurka ma ta hana irin wannan nama, kuma doka ce a bayyana wa jami'an kwastan duk abincin da aka ɗauko, rashin yin haka na iya jawo tara. Busassun kaya irin su kuka da kuɓewa da yaji sun fi sauƙin wucewa idan an ƙulle su da kyau an rubuta sunansu.

Sai kuma ingancin kayan. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna na iya ɗauke da dafin aflatoksin, wanda ke illata hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da shi. Garin da ya ji danshi a hanya ya fara wari, zubarwa ake yi. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta gargaɗi jama'a bayan ta gano manjan da aka gauraya da wani rini mai suna Sudan IV, wanda aka haramta sa shi a abinci. Manjan da jansa ya wuce misali abin tuhuma ne.

A rubuta abin da ya yi

Awon da aka kawo a nan zai buƙaci gyara gwargwadon garin da aka samu da murhun da ake da shi. Ranar da tuwo ya yi yadda ake so, a rubuta sunan garin, da kofunan ruwa, da lambar da aka sa murhu, da mintunan da ya ɗauka. Idan za a gwada wani sabon abu, a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, domin a gane wanda ya kawo bambanci.

Haka nan idan an kira gida ana tambayar yadda ake wata miya, kada a tsaya a jerin kayan haɗi. A tambayi me ake fara sawa, me ake jira a gani kafin a sa na gaba, da kuma yadda ake gane ta yi. Waɗannan alamu su ne ainihin girkin, kuma su ne yaron da ya tashi a Manchester ko Houston ko Makka ba zai tsinta a gefen murhu ba sai an nuna masa.